Ranar Da Muka Kife Na'ura Saniya Ta Haye Binuwai

Muddin ina numfashi, ba zan manta da yammacin da 'yata ta fitar da ni kunya a Garwa ba. Abokan zamana, dillalan shanu, sun daɗe suna yi mini shaguɓe don na tura ta karatun kwamfuta. Da ta dawo, sai ta tono wata tsohuwar na'urar wasa mai cin faifai daga kayan shagona, ta ƙirƙira mata wasa: saniya ce za ta haye kogin Binuwai tana kauce wa dorina. Ni kuwa na bi majalisa ina shela, na gayyace su kallo bayan la'asar.

A kwamfutarta wasan yana gudu lafiya lau. Amma da ta dunƙule shi wuri guda ta ƙona shi, wato ta rubuta shi a faifai, muka saka a na'ura, sai telebijin ya yi baƙi ƙirin. Ta sake dunƙulawa, ta sake ƙonawa; haka nan. Ga baƙi sun cika zaure.

Aminina, wani Bafulatanin garin Pitowa, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ko dorina ta cinye saniyar tun kafin mu zo?"

Aka bushe da dariya. Gumi ya jiƙa mini babbar riga.

'Yata ta kara kunne a jikin na'urar, ta ji tana ta ƙas-ƙas. Ta ce, "Baba, wasana ba shi da aibi. Idon na'urar ne ya tsufa, ba ya karanta rubutun gaggawa." Ta ƙona sabon faifai a hankali ƙwarai, sa'an nan ta ce, "Kife ta, Baba, idon ya matso kusa da faifan."

Ni, da rawanina da furfurata, na rungumi na'ura a kife. Sai ga saniya ta bayyana, ta yi kuka! Wallahi ban san sa'ad da na yi tsalle ba. Rawani ya warware. Aminin nan ya fizge abin sarrafawa yana yi wa saniyar ihu, "Dama, 'yar nan, dama! Dorina!" Da saniya ta taka tudu, ya juyo ya ce, "Alhaji, jikanyata ma za ta iya wannan karatu?"

Tun daga ranar na koyi cewa tsohon abu bai mutu ba. A bi shi sannu, kuma a saurari wanda ya kara masa kunne, ko da kai ka haife shi.