Kofi Mai Sanyi a Hannun Autana

Jiya bayan azahar na ji autana yana kaɗa gorar roba a bayan ɗaki, ƙanƙara tana bugun juna a ciki. Kofi ne baƙi da madara kaɗan, irin wanda mai shayin bakin tasha ke haɗa wa samari tun da ya sayi firji. Ban leƙa ba. Na zauna, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Kai da ba ka tashi a ƙauye ba, bari in gaya maka. A garinmu, can gefen Yankara, yaro ba ya cin goro. Ba don tsada ba. Kakana yana ajiye nasa cikin ɗanyen ganye a wata 'yar tukunya kusa da randa. Zai ɓare ɗaya, ya miƙa wa mahaifina, ya miƙa wa baffana, mu kuwa sai ido. Wata rana yayana ya miƙa hannu. Kaka ya buge hannun da carbi.

"Sai ran da aka yanka maka gayaunarka," ya ce. "Yaro cikin barci yake girma. Mi za ka tsare da kake son idonka ya bushe?"

Gayauna ita ce 'yar gonar da ake ware wa saurayi ta zama tasa. Kafin ka kai nan, ko shayi mai kauri ba ka samu. Ranar kasuwa mai shayi zai tsiyaya maka ruwan zafi da sukari, ya ɗiga ganye kaɗan don launi. In ka ce ya ƙara, sai ya tambaye ka ɗan gidan wa ne kai. Dokar ta gari ce gaba ɗaya.

Kuma mun yi barci. Da bazara a ƙofar gida muke shimfiɗa tabarmi, hantsi ya same mu, akuya na tsallaka mutum bai motsa ba. Da damina a kawo fura gona, a sha, kowa ya ɓingire ƙarƙashin ɗorawa, jiƙaƙƙiyar ƙasa na ƙamshi. Lokacin cirar auduga a kan tulin muke kwanciya, mu tashi da fari a gashi kamar tsofaffi.

Haka na reni nawa 'ya'yan biyu. Sannan mutanen daji suka zo kan babura da rana tsaka. Babban ɗana yana barci ƙarƙashin ɗorawar. Autan ya zaga cikin dawa, daga nan ya ga komai. Ba mu sake ganin babban ba. Muka kwashe muka dawo Faskari.

Autan bai cika sha bakwai ba. Da rana dako yake yi a kasuwa, in dare ya yi yana cikin samarin da ke gadin unguwa. Kofin nan ke riƙe da shi. Ya rame. In ya ɗauki moɗa, ruwa na zuba kafin ta kai baki. Sau biyu ya durƙushe riƙe da ƙirji. Mai kemis ya ce in bai rage ba zuciyar ba za ta ɗauka ba.

Na kafa doka: gora ɗaya a yini, kuma ban da bayan la'asar. Na je wurin mai shayin bakin tasha.

"Baba, in na hana shi, titi kawai zai tsallaka," ya ce. "Kuma wa ke tsare mani shagon nan? Su ne."

Na je wurin shugaban samarin, na ce a cire yaron a sa ni. Ya nuna mini wani mutum a nesa, ya ce in faɗi launin rigarsa. Ban iya ba.

Ran nan da la'asar na kama autan da gora ta uku. Na fizge. Sanyinta ya shiga tafina.

"So kake ka mutu?" na ce.

"A'a, Baba."

"To tahi ka kwanta."

Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga kai ba. "Yaya ma kwance yake da suka zo."

Uwarsa tana bakin murhu, ta daina fifita wuta. Na tsaya da gorar, ruwa na ɗiga a kan ƙafata. Na miƙa masa.

Kakana ya hana mu goro saboda akwai manya da ke farke dominmu. Ni ba ni da abin da zan ba yaron nan a madadin. Gonar da zan yanka masa tana hannun wasu. A layinmu kowane uba ya yi irin dokata, kowane uba ya janye, ba ma tayar da zancen in mun fito masallaci.

Doka ɗaya ta rage mini: ya ci abinci kafin ya sha. Yana bi, ranar da aka ɗora tukunya.