Akwatin da Ya Ƙi Sunan Alhaji

A ƙauyenmu, can gefen Sheme, wata ƙungiya ta haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ta yi gaba abinta. Ta bar tanki a sama, da faifan sola a jere, da wani akwati a cikin ɗan ɗaki, shi ne ke ba famfo umarnin tashi da tsayawa. Ta kuma bar mana kwamiti, a nan ne ta tafka kuskure. An sa ni ciki don ina koyarwa a firamare, kuma ina da babbar waya. Shugabanmu wani Alhaji ne da bai ba da ko bulo ɗaya ba, amma ranar buɗewa sai da aka kusa ƙwace makirifo daga hannunsa, don a lokacin yana harin kujerar kansila.

Ba wanda ruwan ya rufa wa asiri kamar Gwaggona, yayar mahaifina. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure nesa, ɗan filin da ya bar mata kuma yana dab da tankin. Ta ja hanya daga inda ruwa ke malala, ta dasa albasa. Abincinta na shekara ke nan, ba ta da wani.

Da zafi ya fara shigowa, akwatin ya tsiri wani hali: rana na take tsaka sai ya kashe kansa. Albasar Gwaggo kuwa ta fara yin kai, lokacin da ba ta jure ƙishirwa. Na kira kamfanin da ya ƙera shi. Matar da ta ɗauka ta ce sun san matsalar, a manhaja take, za su turo gyara ta waya, in kwafa a katin memori in zura a akwatin. Ta yi mini bayani dalla-dalla. A cikin akwatin akwai wata 'yar manhaja da ke fara farkawa kafin komai, kamar mai gadi a bakin ƙofa, har ita za a sabunta. Duk gyaran da ya zo sai ta duba sa hannun kamfani. Sa hannun nan ba tambari ne da ido ke gani ba, lissafi ne da aka ɗaure da kowane harafi, don kada wani ya cusa wa akwatin abin da zai ƙona famfo.

"Malam, ko ɗigo aka canja ba za ta karɓa ba," in ji ta. "Kada kowa ya taɓa."

Aiki ne da kafin shayi ya huce an gama. Amma a kwamiti ko tari za ka yi sai shugaba ya sani, don haka na kai masa katin. Bai tambayi ruwa ba. Abin da ya dame shi sunan kamfanin da ke fitowa a ɗan gilashin akwatin duk lokacin da aka kunna.

"Tunda gyara za a yi, mi zai hana a sa nawa?" ya ce. "Su wa suka sani a garin ga?"

Na maimaita masa abin da matar ta faɗa. Ya yi dariya, ya ce boko ya cika mini ciki da tsoro, ya jefa katin a aljihu, ya aika garin Yankara a kira masa injiniya. Injiniyan nan mai gyaran waya ne a ƙarƙashin lema ranar kasuwa, kuma duk cutar da waya ta zo da ita, magani ɗaya ya sani: filashin, wato ya goge manhajarta ya sake sa wata.

Ya zo da kwamfutarsa mai fasasshen gilashi, jama'a suka cika ƙofar ɗakin. Ya laluba cikin gyaran, ya goge sunan kamfani, ya rubuta na Alhaji har da laƙabi, ya zura katin. Akwatin ya kunna jan wuta, ya ƙi karɓa, ya ci gaba da aikinsa yadda yake. Har nan ba a yi asarar komai ba. Na ce ga na asali a wayata, a bari in sake kwafa, yau ɗin nan ruwa ya daidaita. Amma an ƙi Alhaji a gaban mutane, kuma akwati ne ya ƙi shi.

"Ni? Ko hakimi bai taɓa maido ni ba!"

Mu a wurinmu, in ƙofa ta ƙi buɗuwa ba a tambayar dalili, wanda ya san taga ake nema. Injiniya ya gyara hula.

"Alhaji, mai gadin ne ke taurin kai. Bari in shigo mashi ta baya."

Ya kwance kusoshi, ya ɓalle murfi, ya liƙa wasu siraran wayoyi a jikin allon ciki. Na yi magana har murya ta dushe, aka ce in matsa ina tare haske. Gwaggo tana tsaye a bayan maza da fartanya a kafaɗa, ta jawo rigata.

"Ɗana, in ce dai ruwa zai zo?"

Kafin in ba ta amsa gilashin ya mutu, ƙugin famfo ya tsaya. Ashe an ƙera akwatin ne yadda in aka shige shi da ƙarfi sai ya goge duk abin da ke kansa, har da mai gadin. Matar kamfani ta ce yanzu ko gyaran gaskiya ba shi da ta inda zai shiga, sai sabon akwati, kuma tunda an ɓalle murfi sun cire hannu. Injiniya ya ce kayan yanzu ba su da ƙwari, ya ci tuwo a gidan Alhaji, ya hau babur. Alhaji kuma ya bi majalisa yana cewa 'yan adawa ne suka haɗa baki da kamfani, kuma wallahi manya masu furfura suka riƙa gyaɗa kai. An ce wanda bai ji bari ba zai ji hoho, amma a garinmu wani ke ƙin jin bari, wani ke jin hohon.

Gwaggo ta koma tsohuwar rijiya da jarka, ni ma ina tashi daga makaranta sai can. Ruwan jarka ba ya shayar da lambu a bazara. Ganyen ya kwanta, kawunan suka tsaya kamar goro. Daga ƙarshe ta yanke lawashin gaba ɗaya, ta daka, ta dunƙula gabu, ta shanya a tabarma.

Tana cikin juya gabun sai Alhaji ya biyo ta wurin, ya tsaya ya leƙa lambun.

"Hajiya, bana albasa ba ta yi ba ko? Noman rani kau sai mai ƙarfi."

Gwaggo ta ɗago, ta ce, "Haka Allah ya so, Alhaji." Sannan ta tsinto gabu cikin tafin hannu, ta ƙulle a leda, ta rusuna ta miƙa masa, ta ce a kai wa mutanen gida su sa a miya. Ya karɓa.