Ranar Da Na Zuba Wa Kare Gwaten Goggona

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ina aikin kula da tsofaffi a wani gari a Ingila, da mijina da 'yarmu ɗaya wadda ba ta shiga firamare ba tukuna. A Mahuta na tashi, a hannun goggona, ƙanwar mahaifina, domin mahaifiyata ta rasu tun ban san fuskarta ba. Mama nake kiran goggon nan, kuma ban taɓa jin sunan ya yi mini nauyi a baki ba. Ita ta goya ni, ita ta kai ni makaranta, kuma a kwano ɗaya muka riƙa cin abinci har ranar da aka ɗaura mini aure. Kafin in haifi 'yata na yi ɓari sau biyu, abin da ya bar mini wani tsoro da ban taɓa zama na bincika ba. Da na fara shirin zuwa gida hutu, matan cocinmu na can suka yi ta ba ni shawara: kada in faɗa wa kowa ranar komawata, kada in bar yarinya a hannun kowa, kada in ci abincin da wadda ta dafa ba ta sa hannu a ciki ba. Na yi musu dariya, amma maganar ta biyo ni cikin jirgi.

Mun sauka cikin watan Agusta, ruwa na zuba kusan kullum. A gidan yayana da ke Narayi muka sauka. Abu na farko da na tambaya shi ne Mama. Ya ce tana nan, in huta tukuna, babu gaggawa, sai na ga matarsa ta dube shi ta sunkuyar da kai. Da na kira Mama a waya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta yi mini barka da zuwa, sannan ta ce kada in kawo yarinyar yanzu, wai ruwa ya ɓata hanyar gidan. Matar da ta shekara tana roƙona hotunan jikarta ce take faɗa mini haka. Na ajiye wayar, na shiga zagayen gaishe-gaishe na dangi da abokai, amma abin yana raina.

A Trikania na je wurin wata ƙawata ta sakandare wadda ke da shagon gyaran gashi. Ta tarbe ni da tsiya kamar yadda muka saba, wai 'yar Ingila ta iso, a shimfiɗa mata leda kada taɓo ya taɓa ta, wai ko har yanzu ina gane masara in na gan ta a gasa. Muka sha dariya. Da masu zuwa gyaran gashi suka ragu sai ta rage murya. Ta ce ko na san Mama ta daina zuwa taron Zumuntar Mata na coci? Ta ce ta rame, ta daina shiga mutane, kuma kowace safiya akan gan ta ta fita da kai a lulluɓe, ta dawo hannu babu kayan cefane, ba wanda ya san inda take zuwa. Sannan ta tambaye ni, kamar ba da wata manufa ba, ko ɓarina na farko ba bayan Mama ta aiko mini da daddawa da yaji ya faru ba. Ta tuna mini cewa 'yar cikin Mama tana nan zaune gida babu aiki, ni kuwa da aka riƙa ina ƙasar waje. Ta ce ita fa ba ta ce komai ba, tana tuna mini ne kawai 'ya ɗaya gare ni.

Daga ranar na koma mai tattara hujja. Na tambayi yayana kai tsaye me ke damun Mama, ya ce ba maganarsa ba ce, in tambaye ta da bakina. Na ɗauki wannan a matsayin tabbaci. Na fara tuna tsofaffin abubuwa ina ba su sabuwar fassara: yadda ta yi kuka ranar tafiyata, yadda ta riƙe tsohon zanena ta ce za ta ajiye. Duk abin da a da nake kira ƙauna sai ya koma mini alama.

Na sa yayana ya gaya mata muna tafe, wata Asabar da rana, bayan ruwa ya ɗauke, na ɗauki 'yata muka hau keke zuwa Mahuta. Hanyar ba ta lalace yadda ta faɗa ba, na lura da wannan ma. Mun tarar ta fito da benci ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ba ta ce mu shiga ɗaki ba. Na nufe ta zan rungume ta, ta ja da baya tana yi mini sannu da hanya. 'Yata ta miƙa mata hannu, ta mayar da nata hannuwan baya, ta sa mata albarka daga inda take tsaye. Sannan ta kawo gwaten acca, da yakuwa da gauta, irin wanda na yi shekaru ina mafarkinsa. A sabon kwano ta zubo shi, takardar kanti tana manne a gefensa, da sababbin cokula biyu. Na ce Mama ta matso mu ci kamar da. Ta ce ta riga ta ci. Na sake cewa ko loma ɗaya ce ta sa hannu, ta ce tsufa ya canza mata ciki. Ta koma can nesa ta zauna, gefen zanenta a bakinta, idonta a kan yarinyar. 'Yata ta ɗauki cokali, na riƙe mata hannu na ce da zafi.

Can sai Mama ta miƙe da sauri, ta ce bari ta kawo mana ruwa, ta zagaya bayan ɗaki. Karen gidan yana kwance kusa da benci. Na ɗebo gwaten cokali uku ko huɗu na zuba masa a ƙasa, na zuba masa ido. Hankalina duk yana kansa, ban ji dawowarta ba. Sai dai na ga an ajiye ruwan leda biyu a gefen bencina. Ta koma mazauninta, ita ma ta zuba wa karen ido, muka kalle shi tare har ya lashe ƙasar, ya kaɗa wutsiya, ya koma ya kwanta. Sannan ta ce a ganinta dai karen lafiyarsa ƙalau, amma idan a Ingila an saba jira fiye da haka, ita ba ta sauri. Ta ce da na gaya mata tun farko da ta zuba masa nasa daban, ba sai na wahalar da kaina ba. Muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan. Na ce ai gani na yi yana kallona. Ta ce e, haka yake yi. Na tura cokali biyu a bakina, gwaten ya riga ya huce, na ce hadari na haɗowa, muka tafi.

Da yamma na zaunar da yayana na jera masa abin da na gani ɗaya bayan ɗaya, ina jiran ya ce na yi dabara. Ya saurare ni har na kai kan karen, sai ya rufe fuskarsa da hannu. Ya ce tarin fuka ne ke damun Mama. Watanni ke nan tana fama da shi. Fitar safiyar nan asibiti take zuwa ta haɗiyi magani a gaban ma'aikaciyar jinya, tana lulluɓe kai ne don kada unguwa ta ga ramarta ta ce ciwon zamani ne, a ɓata wa 'yarta maganar auren da ake yi. Ta sa shi ya yi mata alkawarin ba zai gaya mini ba, domin tana tsoron in na ji zan fasa zuwa, ta rasa ganin jikarta ko daga nesa. Ya ce a asibiti an gaya mata tunda ta daɗe tana shan magani ba za ta sa wa kowa ba, amma ba ta yarda ta gwada da jikarta ba. Shi ta aika ya sayo kwanon da cokulan. Da ƙyalle ɗaure a baki ta yi girkin. Tashin da ta yi da sauri kuwa, tari ne ya taso mata, ta je ta yi shi inda ba za mu shaƙa ba. Sannan ya tambaye ni, ni da aikina kula da tsofaffi ne, ban ga ƙasusuwan wuyanta ba? Na gan su. Na kuma ji tarin daga bayan ɗaki. Da a wurin aiki ne, da kafin a tashi na kai rahoto.

Washegari bayan coci na koma ni kaɗai na durƙusa a gabanta. Ta ce ta yafe, ya wuce, in tashi kada taɓo ya ɓata mini kaya. Na yarda ta yafe, domin ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta gama shan maganinta, ta warke, ta koma Zumunta, aka yi auren 'yarta. Da muka sake zuwa hutu bayan shekara biyu, ta rungume ni, ta ɗauki jikarta a cinya, ta shigar da mu har ƙuryar ɗaki. Sannan ta fita da kanta zuwa kanti, ta dawo da lemon kwalba biyu da biskit a ledarsa, ta ajiye mabuɗin kwalba a gefe don in buɗe da hannuna. Na ce Mama gwate nake so. Ta yi murmushi ta ce hannunta ya manta yadda ake yi. 'Yarta ta gaya mini duk Asabar sai ta dafa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan ƙawata da matan cocinmu na can, amma su magana suka yi, ni na ɗebo gwaten. Abin da na koya shi ne, da zarar zargi ya zauna a zuciyar mutum, ba ya sake ganin abin da ke gabansa, sai abin da yake nema. Ina jan hankalin 'yan'uwana da ke zaune nesa da gida, masu dawowa hutu da kunne cike da gargaɗi: idan wanda ya raine ku ya canza muku, ku fara tambayarsa ko lafiya, ku tambaya da gaske, ku jira amsa. Da na yi wa Mama wannan tambaya ɗaya a ƙarƙashin mangwaron nan, da ko ba ta faɗa mini ba, ba za ta gan ni ina kallon kare ba. Yanzu duk zuwan da na yi nakan sayi acca da yakuwa in ajiye mata a ƙofar kicin. Takan yi godiya, ta sa mini albarka, sannan ta ɗauki mayafinta ta nufi kanti.