Mai Auna Ƙasa na Kilmoyna

Mossie Dunworth bai taɓa hawa doki ba. Ban ce ya hau ya faɗo ba, a'a, ko ƙafa bai taɓa sawa a likkafa ba, kuma duk ƙauyenmu Kilmoyna an san haka. Amma a wannan yanki namu na Limerick, in ana gardamar dokin da zai ci tseren tsallake shinge ranar Lahadi, shi ake jira ya buɗe baki. Ni Attracta mai kanti tun ina budurwa nake sayar da shayi da miya a rumfar filin sukuwa. Na ga mashaya, na ga 'yan caca, na ga maƙaryata iri-iri, amma ban ga wanda ya ci abinci da zallar surutu kamar Mossie ba.

Da can abincin shanu yake tallatawa gida-gida, har kamfanin ya gaji da shi ya sallame shi. Bai yi aure ba, wai bai samu wadda za ta fahimci aikinsa ba. Yana zaune a gidan da uwarsu ta bari, ƙanwarsa Nuala ce ke wanke masa riguna tana aiko masa da dafaffen dankali da kabeji. Aikin nasa kuwa shi ne ya zauna a mashaya kusa da murhu, ya baje shafin dawaki na jarida, ya sauko da tabarau ƙarshen hanci, ya riƙa gyaɗa kai shi kaɗai har wani wawa ya tambaye shi me ya gani.

In ya fara, sai ka rantse shi ya karɓi haihuwar dawakin. Ya san uban kowane doki da uwarsa da kakarsa, ya san nauyin da aka ɗora masa a tseren baya, ya san wanda ke son kewaye ta hagu da wanda ke ƙinta, da wanda numfashinsa ke ƙarewa in an zo hawa. Duk a jarida ya karanto, jaridar da kowa ke iya saye a kantina. Dabararsa ɗaya ce, ni kuma na daɗe da gano ta domin a gaban teburina yake yi. Zai ja mutum gefe ya raɗa masa sunan doki, ya ce kada ya gaya wa kowa. Can ya ja wani ya raɗa masa wani dokin daban, ya ja na uku ya ba shi na uku. Da yamma ba a rasa wanda zai zo baki har kunne ya saya masa giya, sauran kuwa a ce musu mahayi ne ya yi sakarci.

Abin da ya fi ɗaga shi a idon mutane shi ne auna ƙasa. Tserenmu a gonar Jer Tuohy ake yi, a kwashe shanu, a kafa shingaye, dawaki su bi ta gefen rafi su hau tudu su kewayo. Wani dokin sai a taɓo yake gudu, wani sai a busasshiyar ƙasa, don haka duk mai hankali yakan taka filin da ƙafarsa kafin ya saki dabbarsa. Mutanenmu kuwa sun ga ga mai yi musu kyauta, sai suka naɗe hannu. Da an fito daga coci Mossie zai sa dogayen takalman roba, ya ɗauki sandarsa ta ƙaya, ya shiga fili yana tafiyar ƙasaita. Ya caka sanda, ya zare, ya duba bakinta, har ya kan tsuguna ya murza ƙasa ya shinshina. Sannan ya ɓace bayan itatuwan da ke gindin tudu, a jima ya dawo, jama'a su yanyame shi.

"Malam Mossie, yaya ƙasa yau?"

Sai ya sha ƙamshi tukuna, kafin ya yanke hukunci kamar alƙali. Manyan mutane masu jikoki, waɗanda aka haifa a barga, su tsaya suna sauraren mai tallan dusa. Wannan ya fi ba ni haushi fiye da shi kansa Mossie.

Nuala ba irinsa ba ce. Mijinta Dinny Hartigan, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar mata 'yar gona da jar goɗiya mai suna Bridie, wadda shi ya karɓi haihuwarta da hannunsa. Ba su samu haihuwa ba, don haka goɗiyar nan ita ce abokiyar hirarta. Burin Dinny shi ne Bridie ta ci tsere ko sau ɗaya ne, sannan a ajiye ta ta yi ta haihuwa. Sai dai ta taɓa samun rauni a jijiyar ƙafar gaba, ta daɗe tana jinya, kuma likitan dabbobi ya gaya wa Nuala ƙarara cewa in ƙasa da laushi ta yi gudunta, in da tauri kada a kuskura, ƙafar ba za ta ɗauka ba. Nuala ta riƙe maganar nan. Sau da yawa ta kai goɗiyar fili, ta taka ƙasa da kanta, ta juyo da ita gida ba tare da an ɗaura sirdi ba.

A shekarar da nake magana, tserenmu ya faɗo a ƙarshen Afrilu, kuma shi ne damar Bridie ta ƙarshe don shekaru sun fara ja. An yi makonni ana busasshiyar iska, sai ranar Asabar aka yi ruwa. Nuala kuwa ba a daɗe da yi mata aiki a ƙugu ba, da sanda biyu take dogarawa, ba ta iya taka fili. Mahayinta Cathal Ruane yana can garin Galway wajen baftismar 'yar ƙanwarsa, sai dab da tsere zai iso. Ranar tseren, a rumfata Nuala ta samu yayanta yana hura shayin da bai biya ba.

Ta ce, "Yaya, yau ba wasa nake so ba. Ka duba mini ƙasar nan da kyau, musamman kan tudu. Can ne dutse yake kusa, can ke fara bushewa."

Mossie ya ce, "Ji mini yarinya! Ni za ki koya wa tudun Jer? Tun kina tsumma nake taka shi."

"Na sani, Yaya. Amma in da tauri ko kaɗan, ka gaya mini in mayar da ita gida. Ba zan ji haushi ba."

"Ke dai zauna ki huta da ƙugun nan naki. Attracta, ba ta kujera mana, kin tsaya kina kallona kamar na ci miki bashi."

Na ce, "Bashin ai ya wuce a kalle ka a kai. Jeka ka yi abin da aka sa ka."

Ya tafi, ya yi cake-cakensa a gefen rafi inda kowa ke ganinsa, ya shige bayan itatuwa. Da ya dawo takalmansa sun yi kaca-kaca da laka, ya ɗaga sanda yana nuna wa jama'a inda ta nutse.

Ya ce, "Kamar man shanu. Ko jariri ka jefar a filin nan ba zai yi kuka ba."

Nuala ta ce, "Har saman?"

"Har ko'ina. Sa mata sirdi, ƙanwata. Yau Dinny zai yi dariya a kabarinsa."

Da wannan maganar ta ƙarshe ya gama da ita. Na ga idonta ya ciko, ta juya ta ce a fito da goɗiyar. Cathal ya iso a gurguje yana ɓalle maɓallin rigar coci, ya tambayi ƙasa, aka ce Mossie ya taka, da laushi. Ya ce to madalla, ya haye.

Bridie ta fita kamar an harba ta. Ta tsallake shingayen gefen rafi tana gaba, laka na tashi a bayanta, Nuala ta manta da ƙugu ta miƙe tsaye tana kiran sunanta. Suka shige bayan itatuwa, suka ɓullo a kan tudu ƙanana a ido. Cathal ya gaya mana daga baya cewa da suka hau sama ya ji kofato na ƙara kamar a kan kwalta, ya yi niyyar ja mata linzami, amma shinge ya riga ya zo gabansu. Ta tashi lafiya. Da ta dira sai ƙafar ta karye.

Daga rumfa abin da muka gani shi ne sauran dawaki sun gangaro babu jar goɗiya a cikinsu. Sai motar likitan dabbobi ta hau, aka kafa koren labulen da ake kafawa don kada jama'a su ga abin da za a yi. Duk wanda ya girma a nan ya san ma'anarsa: kashe dokin za a yi don a hutar da shi. Nuala ba ta yi kuka ba, ta dai koma ta zauna a hankali, ta ɗora hannuwa a cinya.

Ana cikin haka sai ga hayaniya daga wajen masu karɓar caca. Ɗaya daga cikin dawaki ukun da Mossie ya raɗa wa mutane ya ci, wani mahauci ya rungume Mossie yana jijjigawa. A haka ya iso rumfa, fuska jajir don daɗi, sai da ya ga ƙanwarsa sannan ya tuna ya gyara fuska.

Ya ce, "Kai, abu bai yi daɗi ba. Amma Nuala, gaskiya dama ƙafar nan tata ba ta da tabbas. Ni na daɗe ina jin tsoronta."

Jer Tuohy mai gonar yana tsaye a bakin rumfa, ya sauko daga tudu ke nan, riƙe da linzamin Bridie. Mutum ne da ba ya son magana, sai ka yini da shi bai haɗa jimla biyu ba. Ya miƙa wa Nuala linzamin ya cire hula.

Nuala ta ce, "Yaya, ka hau saman?"

Mossie ya fara kame-kame. "Ai ita ƙasa, in ka ga ta ƙasa ka ga ta sama. Ruwan da ya sauka a nan shi ya sauka a can. Mu da muka san abin..."

"Tambayarka na yi. Ka hau?"

Jer ya ce, "Tun safe ina sama ina gyaran shinge, ban ga kowa ba. Ni ban taɓa ganinsa a can ba ma, ko bana ko bara. A gindin itace yake zama ya sha tabarsa. Na ɗauka kowa ya sani."

Mazan da suka shekara suna tambayarsa yaya ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa. Mossie ya buɗe baki, na ce masa in ya ƙara kalma ɗaya da tukunyar miyar nan zan yi masa wanka. Ya ja jiki ya fita, mahaucin nan ya bi shi, wai yana so ya ji wane doki ne a tsere na gaba.

Nuala ta ƙi yarda kowa ya tuƙa ta. Aka taimaka mata ta shiga mota, aka ɗaura mata tirelar doki a baya, babu komai a ciki sai ciyawar da ta shimfiɗa da safe. Hanyarmu ɗaya, don haka na kwashe kayana na bi ta a baya. Titin Kilmoyna duk ramuka ne da kwana. Duk ramin da ta zo sai ta rage gudu ta lallaɓa ta wuce, duk kwana sai ta sha ta a hankali, yadda mai ɗauke da doki ke yi don kada ya jijjiga. Motoci suka taru a bayanmu, ba wanda ya yi mata oda. Haka ta tuƙa har ƙofar gida.