Ɗigon Tawada a Kan Tabaran Tsohon Soja

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, amma ranar da na fito daga ɗakin baya na tsaya a gaban Oga, wannan kam ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina aiki a wani shagon tabarau a Zuru, shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana. Oga, mai shagon, mutumin Kabi ne, shi ke gwada idon mutane a ɗakin gaba ya rubuta lambobi a takarda. Ni kuma ina can ɗakin baya, ina yanka gilashi, in goge gefensa a kan dutsen inji ruwa na ɗiga, har ya zauna daram cikin firam. Shekara biyar ina wannan aiki, yatsuna duk sun yi kanta, albashina kuwa yana nan inda na same shi ranar farko, daidai da na matar da ke share shagon. Ban raina shara ba, amma ita ba ta yi shekara biyu tana koyon aiki a Kaduna ba. A kan wannan albashi na yi aure, na haifi 'ya'ya biyu, buhun dawa ya tashi ya bar ni a baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk sanda na ɗauko maganar ƙari, amsar ɗaya ce. "Kai mi kaka yi? Inji na ka aikin, kai riƙo kawai kaka yi." Sai in haɗiye, in koma ɗakina. Gaskiya tsoro nake ji, don a duk garin shagon tabarau ɗaya ne, in na bar shi ban san inda zan kai wannan sana'a ba. Don ya ƙara nuna mini iyakata, sai ya fara aika duk aiki mai tsada can Kaduna, inda aka ce akwai injin da ke yanka gilashi shi kaɗai.

Wata Talata da hantsi na jiyo hayaniya a gaba. Wani tsohon soja ne daga Rikoto, dogo, ya doki tebur da sandarsa.

"Sau biyu ke nan! In na sa wannan abu, ƙasa na karkacewa. Jiya na faɗi a matakalar coci, mata na kallo. Ni da harsashi bai kayar ba!"

Oga ya duba takarda, ya duba gilashi, ya rantse lambobin daidai suke. Kuma gaskiya ya faɗa, daidai suke. Ni dai ina leƙowa ta labule, ba takardar nake kallo ba, fuskar tsohon nake kallo. Rabin kunnensa na hagu babu, a yaƙi ya bar shi. Hannun tabarau ba shi da wurin zama a wannan gefe, sai ya ɗaure da zare ta bayan kai, firam ɗin ya karkace, gefe ɗaya ya sauko. Kowane gilashi yana da tsakiya, kuma dole tsakiyar ta faɗa daidai ƙwayar ido. In gilashin mai ƙarfi ne irin nasa, kuskuren da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya isa ya juya wa mutum kai. Injin Kaduna ya yanka wa mai kunne biyu, don takarda ba ta gaya masa komai game da kunne ba.

Ban taɓa fitowa gaban mai saye ba, doka ce a shagon. Ran nan na ɗage labule na fito.

"Oga, akwai irin wannan gilashin guda biyu a cikin durowa. Ka ba ni in yanka masa."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Su kaɗai sunka rage. In ka hwasa, albashinka na watan ga ya tahi."

"In ban fasa ba fa?"

Dariya kawai ya yi, ya miƙo mini makulli.

Na ce wa tsohon, "Baba, ɗaura tabaran yadda ka saba ɗaurawa, kada ka gyara don ni. Kalli karan hancina." Na ɗauki alƙalami na ɗiga tawada a kan gilashin, daidai ƙwayar idon dama, sannan ta hagu. Ɗigon hagu ya fi na dama hawa sama sosai. Na shiga ɗakin baya, tsohon ya biyo ni ba tare da neman izinin kowa ba, ya ja benci ya zauna.

Ina cikin gogewa yana ta kallon hannuna. Can ya ce, "Ɗana, shekara nawa kana nan?"

"Biyar, Baba."

"Nawa ake ba ka?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Ni na yi golmo kafin in shiga soja," in ji shi. Golmo kuwa duk ɗan ƙasar nan ya san shi, noman da saurayi ke yi wa mahaifin budurwa kafin a ba shi ita. "Shekara bakwai ina huɗa a gonar surukina, bayana ya gaya mini. Amma na san ranar gamawa, na san abin da ke jira na. Kai naka golmon, wa za a ba ka a ƙarshe?"

Wallahi maganar ta soke ni har sai da na ɗage gilashin daga kan dutse. Kunya ta kama ni, sannan fushi, kuma ba da Oga nake fushin ba, da kaina nake yi. Na nutsa yatsuna a ruwa, na ja numfashi, na ci gaba a hankali, gogawa kaɗan, gwaji kaɗan, har gilashin biyu suka shiga.

Tsohon ya ɗaura zarensa. Ya kalli ƙasa, ya taka. Ya fita ƙofar shago ya sauka matakala uku, ya hau, ya sake sauka, wannan karon sandar a hammata. Ya juyo ya sara mini irin ta sojoji, a gaban Oga da duk wanda ke wurin.

Bayan ya tafi na cire rigar aiki na ninke ta a kan tebur.

"Oga, na tambaye ka in ban fasa ba fa, ba ka amsa ba."

"Sa'a ta kay yi. Inji dai shi ad da aiki."

"To ga injin nan, ban tafi da shi ba. Allah ya ba ku zaman lafiya kai da shi."

Kada wani ya ɗauka da ƙarfin zuciya na isa gida. Tun kafin in kai bakin titi na fara lissafin abin da za mu ci. Da na gaya wa matata, ta kalli tukunya, ta ce, "Da ma tuwon bai taɓa isa ba. Gara mu san yunwar tamu ce." Washegari na tafi Wasagu wurin yayana, ya ba ni babur na fara kabu-kabu. Mai goge gilashi ya koma ɗaukar buhunan masara da akuyoyi, rana ta ƙona ni, duwawu ya mutu. Kullum sai zuciya ta ce in koma in ba da haƙuri, kullum sai in tuna tambayar tsohon nan in murɗa babur.

Ashe a can Zuru tsohon ya kai labari wurin da 'yan fansho ke taruwa. Tsofaffin sojoji kuwa ba su da yawan magana, amma in ɗaya ya ce ga hanya, a jere suke bi. Suka yi ta zuwa shago suna cewa, "Ina mai ɗiga tawada?" Oga ya ce ai ɗiga tawada ba wani abu ba ne, ya ɗauki alƙalami ya ɗiɗɗiga musu. Da ya shiga ɗakin baya sai inji ya ƙi yin aikin da aka daɗe ana yabonsa a kai. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Mako na uku, ran kasuwar Wasagu, ina zaune a kan babur sai ga Oga a tsaye gabana, babban yatsansa naɗe da bandeji.

"Ina za a kai ka, Oga?" na ce.

Bai yi dariya ba. "Hwaɗi abin da kaka so."

Na riga na tsara maganar tun a kan hanyoyin Wasagu. Na ce a ninka albashi, a ware mini wani abu a kan kowane tabarau da ya fita daga hannuna, a riƙa duba maganar duk shekara, kuma kada a sake ba ni takarda ba tare da na ga fuskar mai ita ba. Ya yi ta ciniki kamar mai sayen bijimi, ya rage nan ya ja can, amma na ƙarshen nan na ce ko za mu rabu ba zan sauka ba. Ya amince. Ni na kai shi tasha, kuma na karɓi kuɗin babur ɗina cif.

Yanzu ina da nawa shagon, furfura ta cika mini gemu, ni ma da tabarau nake aiki. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, haƙurin da ba shi da wa'adi ba haƙuri ba ne, tsoro ne, kuma in ba ka faɗi kuɗin hannunka ba, wani zai yanka maka shi yadda ya ga dama. Shi ya sa duk wanda na ɗauka aiki, tun ranar farko nake zaunar da shi in gaya masa abin da zai samu da ranar da za a ƙara masa. Ko golmo ma, da wahalarsa, an san shekarar da yake ƙarewa.