Gambo Mai Fenti da Ordinatar Garba

Duk wanda ya yi aure a Madarumfa a farkon shekarun casa'in, in dai yana da ƙarfin kiran mai bidiyo, to sunansa ya bi ta hannun Gambo mai fenti. Siririn mutum ne Gambo, mai saurin fushi, farcensa kullum shuɗi ko da ranar Salla ce. Bai daɗe a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ya fito da abu ɗaya da ko malamansa ba su da shi, wato kyan rubutu. Shi ke rubuta addu'a a bayan amalanken mutanen Safo, shi ke sa wa jiragen masunta suna a bakin tabki. Wannan duk neman tuwo ne. Abin da yake taƙama da shi, har yake tafiya yana buɗe hammata, shi ne allon biki.

Amininsa Garba, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, shi ne mai bidiyon garin. Kafin kowane biki Gambo zai rubuta sunan ango da amarya a kan katako, ya kewaye da furanni da tantabaru biyu, Garba ya kafa kamara ya ɗauka. In an sa kaset, allon nan ake fara gani, kuma a ƙasansa ta hannun dama akwai ɗan ƙaramin rubutu: Gambo. Kasetocin sun je Maraɗi, sun je Katsina, wasu har Makka wurin dangi. A rumfar Garba kuwa Gambo yana da gefen benci da ba wanda ke zama, kuma in shayi ya nuna, kofin farko nasa ne.

Ba a daɗe da karya darajar sefa ba Garba ya tafi Katsina sayen kaset, ya dawo da ƙaton kwali a bayan mota. Tsohuwar kwamfuta ce ta gwanjo, da ɗan telenta, fatarta ta yi launin tsohon haƙori. Kowa ordinatar yake ce mata. Wanda ya sayar masa ya rantse cewa da irinta masu bidiyon Kano ke rubuta sunaye. Garba bai san gabanta ba balle bayanta, sai ya ɗauko Abdu, wani mutum mai sanyin magana da ya taɓa aikin buga takardu a wani ofis a Maraɗi.

Ranar da za a tashe ta Gambo ya zo, wai don ya yi dariya. Ya tarar da Abdu zaune a gefen bencinsa. Aka tada injin wuta, aka danna, sai ga hoton hannu riƙe da disket, ɗan faifan da ake tura mata, ya fito.

"Wa ya zana hannun ga?" in ji Gambo. "Yatsu kamar rogo. Wagga ce za ta yi rubutu?"

"Ba ta da hankali tukuna, Malam Gambo," in ji Abdu. "Sai an ɗura mata sistem. Shi ka hwaɗa mata yadda za ta yi komi."

Hankalin nata yana cikin tarin disket da aka ɗaure da roba. Abdu ya tura na farko, ta yi gurnani, ta tofo shi ta nemi na biyu, can kuma ta ce a maido mata na farkon. Ana tsakiyar haka inji ya yi tari, tele ya mutu, aka koma daga fari. Wani disket ɗin ya sha damina a kantin gwanjo, ta ƙi karɓarsa sai da Abdu ya lalubo ɗan'uwansa a ƙasan kwali. Gambo yana tsaye yana ta jefa magana, ba mai tanka masa. Bayan la'asar Abdu ya cire disket, ya kashe ta, ya sake kunnawa, sai ta tashi da kanta ba da roƙon kowa ba. Ga wata 'yar kibiya tana yawo a tele duk inda ya ja wani abu mai wutsiya da ya ce Nasara ɓera suke kiransa. Ya buga sunan Garba, sunan ya fito ja, ya koma kore.

A daidai lokacin shayi ya nuna. Garba ya zuba kofin farko, idonsa na kan tele, ya miƙa wa Abdu. Bai yi da gangan ba, kuma abin da ya fi ƙona Gambo ke nan. Da gangan ne da sun yi faɗa sun shirya. Kishi ya turnuƙe shi har ya rasa wa zai tsana, Abdu ko akwatin.

Amma aikin bai ƙare ba, don rubutu a tele ba rubutu a kaset ba ne. Kashegari Abdu ya ja waya daga bayan ordinatar zuwa manyeto, na'urar da Garba ke ɗaukar kaset da ita, ya danna jan maɓalli. Aka mayar da kaset baya aka sa. Rubutu ya fito, amma ba ja ba kore, fari da baƙi kawai kamar hoton katin ɗan ƙasa. Aka canja waya, aka canja kaset, aka hura, aka bubbuga. Abdu ya jiƙe da gumi.

Rabon Gambo da farin ciki irin na ranar tun haihuwar 'yarsa Zuwaira. Kafin magariba masunta da teloli duk sun ji cewa ordinatar Garba makauniya ce, ba ta ganin launi. Bikin ɗan Alhaji Alhassan mai kifi na tafe, sai Gambo ya sayi katako mafi kyau ba tare da kowa ya sa shi ba, ya duƙufa. Tantabarun ma huɗu ya yi.

Matarsa Binta ta leƙo ta kalli allon. "Baban Zuwaira, Garban ya aiko ne?"

"Zai aiko."

"An ce kishi kumallon mata. Ashe maza ma kuna yi nai, kuma da akwatin roba."

"Ke dai ki ji da tukunyakki," in ji shi, bai ɗago ba.

Abin da Gambo bai sani ba shi ne ciwon ba makanta ba ne, iyaka ce. Ordinatar ta fito daga Najeriya, inda hoton tele ke tafiya a tsarin da ake kira Pal, manyeton Garba kuwa na Maraɗi ne, Sekam kaɗai ya sani. Kowane ɗan Madarumfa ya iya canja naira da sefa yana barci, amma ba wanda ya taɓa zaton launi ma sai an canja shi. Wani mai gyaran tele a Ɗan Issa ya warware wa Abdu zancen, ya haɗa shi da manyeto mai jin tsarin biyu.

Ana jibi ɗaurin aure Gambo ya gaji da jiran aike. Ya naɗe allon da zanen Binta ya nufi rumfa. Tun daga nesa ya hangi taro. Ya kutsa, ya tarar kaset ne ke tafiya, ba ordinatar ba: sunan ango da amarya na hawowa daga ƙasa, ruwan zinariya, suna juyawa, taurari na zuba a kansu. Alhaji Alhassan sai "Masha Allah" yake yi. Babu sunan kowa a kusurwar dama. Ba wanda ya tambayi Gambo abin da ya rungumo, shi ma bai kwance ba. Ya koma gida ya jingine allon, fuskarsa na kallon bango.

Ya ɗauke ƙafa daga rumfar. Rannan da hantsi sai ga Garba da sallama, fuska a sake.

"Kai Gambo, ina ka ɓace? Aiki na kawo maka, babba, wanda ba mai iya shi sai kai."

Gambo ya ji daɗi, amma ya ɓata rai. "Mine ne?"

"Allo nike so bakin rumhwa, wanda za a hanga tun daga hanyar Maraɗi. Ka rubuta: Garba Bidiyo, ana rubuta suna da ordinatar."

Gambo ya dube shi. Mutumin nan ko a jikinsa, shi a ganinsa alheri ya kawo. Gambo ya karɓi aikin da niyyar mugunta: zai karkatar da layi, ya bar fenti ya zubo. Amma da ya riƙe buroshi hannun ya ƙi. Can kuma wani tunani ya zo masa, cewa bari garin nan ya ga bambancin hannun mutum da na akwati. Ya miƙar da kowane harafi kamar an ja da zare, ya yi masa inuwa, ya ba shi ruwan zinariya da ya fi na kaset haske. Bai taɓa yin allo irinsa ba, kuma bai sake ba.

Ranar da aka kafa shi ya tsaya a gefen hanya, hannu a baya, yana jiran abin da za a ce. Mutane suka taru. Wani tsoho daga Safo ya tsayar da amalankensa, wanda Gambo ne ya rubuta addu'ar da ke bayansa, ya ɗaga kai ya kalli allon yana girgiza kai.

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Dubi yadda ordinatar ga ta rubuta allo. Malam Gambo, kai ma ka matso ka gani, ko ka koyi wani abu."