Allon Da Na Goge

'Yar ƙanena malamar lissafi ce a jami'a, ko da yake tana ƙarama na ɗauki shirunta daƙiƙanci. Bincikenta shi ne gano mafi ƙanƙantar amsar da dogon lissafi mai haruffa da yawa zai iya bayarwa, da kafa hujjar cewa babu wadda ta gaza ta.

Da ta zo hutu, ta jingina tsohon allona a ɗakin ajiya, ta yi mako uku tana cika shi da hujja guda. Ni kuwa shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa barin aji da rubutu a allo ba. Wata rana na shiga ɗakin neman bokiti, kafin in ankara na goge allon tas, har da jiƙa tsumma.

Ta shigo ta tarar da allon a goge.

"Gwaggo, ko layi ɗaya ban kwafe ba," in ji ta. Sai ta miƙo mini alli. "Ke ce mai kyan rubutu. Ni zan tuno, ke ki rubuta."

Kwana tara na yi a tsaye ina rubuta alamomin da ban gane ba, tana yi mini gyara, har hujjar ta dawo.